Maigidana ya dawo daga asibiti a keken guragu, zaman gidan ya gagare mu

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, shekarata 33, 'ya'yanmu huɗu. Wata bakwai ke nan da maigidana ya yi hatsarin mota a hanyar Zariya, ƙashin bayansa ya karye ya taɓa laka. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya ji, ba ya motsi, amma hannayensa lafiya lau. Wata uku muka yi a asibiti, aka sallamo mu da robar fitsari da keken guragu. Tun da muka dawo gidan ya zama wani iri. Mutumin da bai taɓa ɗaga min murya ba, yanzu kofi yake jifa da shi. Ya ƙi hawa keken, ko tsakar gida ba ya fitowa, in abokansa na kasuwa suka zo sai ya ce a ce barci yake. Ni kaɗai ke juya shi, in yi masa wanka, in gyara shi. Babbar 'yarmu mai shekara 13 na dakatar da ita daga makaranta tana taya ni. Na ce a fasa dokin ƙofa a yi gangare saboda keken, Hajiyarsa ta ce mugun fata nake yi masa, ɗanta da ƙafarsa zai tashi. Yanzu 'yan'uwansa sun haɗa kuɗi za su kai shi wajen wani mai ɗori a ƙauye, wai yana tayar da irinsu. Ni kuma, Allah ya yafe min, wani lokacin sai in ji kamar in gudu. Akwai kuma maganar da kunya ba za ta bar ni in rubuta ba, kin dai gane. Ga wani baƙin tabo ya fito masa a ƙasan baya, ina shafa masa man zafi. Ki ba ni shawara don Allah.

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Zan fara da abin da kika jefo a ƙarshen wasiƙarki kamar ba komai ba, don shi ne ya sa na tsallake wasiƙun da ke gaban taki. Tabon nan mafarin gyambon kwanciya ne har sai likita ya duba ya ce ba shi ba ne. Ki daina shafa masa man zafi, kada ki murza wurin, kada ki gasa shi da ruwan ɗumi. Daga yau kada ya sake kwanciya ko zama a kan wurin, ki riƙa kwantar da shi a gefe, ki tokare bayansa da filo, ki sa wani filon tsakanin gwiwoyinsa. A satin nan ma'aikaciyar jinya ko likita su gan shi. In fatar ta riga ta fashe, ko tana ruwa, ko tana wari, ko zazzaɓi ya shigo, to gobe da safe ne, ba jibi ba.

Ni da ke in muka kwanta, jiki ne ke tashin mu mu juya ba tare da mun ma farka ba, saboda wurin da muka danne ya fara ciwo. Shi wannan saƙon ya daina isa gare shi. Nauyin jiki sai ya matse nama a kan ƙashi, jini ya kasa shiga, naman ya fara mutuwa daga ciki, abin da ido ke gani a sama kaɗan ne daga ɓarnar da ke ƙasa. Takardun asibiti suna cewa a duba inda ya yi ja, amma wannan fatar Bature ce. A fatarmu duhu wurin ke ƙarawa, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ya fi kewayensa zafi ko tauri. Wuraren da ya fi kamawa su ne ƙasan baya, kwatangwalo, mazaunai, dunduniya da idon sawu. Safe da yamma a duba su, kuma tunda hannayensa na aiki, ki ba shi madubi ya duba da kansa. Ki riƙe wannan maganar ta madubi, zan dawo kanta.

Juyi duk bayan awa biyu a gado, dare da rana, ba ƙa'idar da wani ya ƙirƙira don ya wahalar da mata ba ce. Kafin 1944 yawancin masu irin wannan rauni ba sa daɗewa, kuma ba karayar ke kashe su ba, gyambo ne da ciwon mafitsara. A shekarar ne wani likita, Ludwig Guttmann, ya buɗe sashensu a asibitin Stoke Mandeville a Ingila, ya dage kan juya su duk awa biyu da tsabtar fitsari, sai ga mutanen da aka fitar da rai da su suna rayuwa. A 1948 har gasar harbi da kwari da baka ya shirya musu a kan kekunansu, daga nan gasar nakasassu ta duniya ta samo asali. Abin da ya raya su yana hannunki a ɗakin nan: filo, agogo, ruwa da sabulu, da zanin gado busasshe marar tattara.

Yanzu maganar Hajiya, wadda a ganina ita ce uwar matsalar, ko da yake ba Hajiyar ce matsalar ba. Gidanku gaba ɗaya zaman jira kuke yi. Makarantar yarinya sai ya tashi, gangare sai ya tashi, kasuwa sai ya tashi, fira da dariya ma sai ya tashi. Wata huɗu kuna gida amma har yau zaman asibiti kuke, an dai canza gado ne kawai. Ba zan ce miki ki yanke ƙauna ba, wa ya isa ya yanke wa Allah hukunci? Amma ga abin da likitoci suka sani: mafi yawan abin da zai dawo na ji da motsi a watanni shidan farko yake dawowa, daga nan ya riƙa ja da baya, zuwa shekara ɗaya ko ɗaya da rabi yawanci an ga inda aka tsaya. Wanda laka ta bar masa ɗan saura ya fi wanda raunin ya gama da ita damar samun ci gaba. Wannan tambayar, raunin cikakke ne ko da saura, ita za ku yi wa likitansa ƙarara a zuwa na gaba, kuma kada ki je ke kaɗai. Ki sa yayansa ko ƙaninsa ya ɗauko Hajiya, su ji da kunnensu. Maganar da za ta fito daga bakin suruka a kira ta mugun fata, in ta fito daga bakin likita sunanta bayani.

Kada ki yi jayayya da uwa a kan ko ɗanta zai tashi. Ba za ki ci ba, kuma bai ma kamata ki so ci ba, fatan nan shi ke riƙe da ita. Ki ce mata, Hajiya, gangaren nan shi zai fitar da shi zuwa gashin ƙashi da masallaci, ranar da Allah ya tashe shi sai a kira magini ya fasa, ni zan fara ɗaukar guduma. In da malamin da take jin maganarsa, ya tuna mata hadisin nan na ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ina mai tabbatar miki, ba za a yi wata ba za ki ga ita ma ta gangaren take bi saboda gwiwa.

In an zo yi, ki tsaya a kan magini, don su sun saba yin na shigar da babur, mai tsini kamar tudu. Ƙa'idar ita ce duk tsayin taƙi ɗaya a ba shi tsawon taƙi 12, wato matakala mai santimita 15 tana son gangare mai santimita 180. Ƙofa ta kai faɗin santimita 80 zuwa 90. A ɗora murfi a kan kwatar ƙofar gida. Gadonsa ya zo daidai da tsayin keken, a samo katako mai santsi wanda zai zame a kai daga wannan zuwa wancan da ƙarfin hannunsa, likitan gashin ƙashi zai koya masa. A banɗaki kuma kujera mai rami a tsakiya, mai hannu, mai laushin mazauni.

Batun mai ɗori, ina girmama masu ɗori, sun ɗora hannaye da ƙafafu da yawa a ƙasar nan. Amma ƙashi suka sani, laka kuwa ba ƙashi ba ce, jijiya ce mai taushi da ke ɗauke da saƙo daga ƙwaƙwalwa, ba ta haɗuwa don an ja, an danna, an ɗaure da kara. Ƙashin maigidanki mai yiwuwa ma ya riga ya haɗe, in kuma an sa masa ƙarfe a baya, jan nan ɓarna zai yi. Ki ƙara da doguwar tafiya a hanya mai gargada, da makonni a kan tabarma ba mai juya shi, da tsaga ko gashi a fatar da ba ta jin zafi. Da tabo ɗaya zai tafi, ya dawo da rami. Akwai kuma abin da ke ruɗar mutane: ƙafar mai wannan rauni takan zabura ko ta yi karkarwa da kanta. Ba umarnin ƙwaƙwalwa ba ne, ragowar lakar da ke ƙasan raunin ce ke aikinta ita kaɗai. Da magani da babu magani za ta yi, amma in ta yi a gidan mai magani sai a ce an fara ganin aiki, a ƙaro kuɗi. Addu'a da tofi ba sa buƙatar a ɗaga shi daga gadonsa, a yi su a gida iya iyawa. Kuɗin da aka haɗa kuwa, ki nemi wanda ya fi hankali a cikin 'yan'uwan ki lissafa masa a takarda: katifa mai kyau ko ta iska, matashin zama na musamman na keken, siminti, robar fitsari da safar hannu na wata shida, kuɗin motar zuwa gashi. Kada a sayo zoben nan mai rami a tsakiya da ake sayarwa don zama, yana ƙara matse kewayen wurin ne.

Sai shi kansa maigidan. Kin ce ya ƙi fita, kina ganin taurin kai ne ko baƙin ciki. Akwai su, amma bari in faɗa miki abin da maza masu wannan lalura ba sa iya furtawa: tsoro yake ji kada bayan gida ko fitsari ya kufce masa a gaban maza 'yan'uwansa. Magidanci mai 'ya'ya huɗu ya gwammace ya shekara a ɗaki da hakan ta faru da shi sau ɗaya a majalisa. Wannan kuwa yana da dabara. Hanji yana koyon lokaci. A tsayar da sa'a ɗaya, kullum ko bayan kwana bibbiyu, kamar minti 20 zuwa 30 bayan ya sha koko ko shayi mai ɗumi da safe, don lokacin ne hanji ke motsi. A zaunar da shi a kujerar banɗaki in zai yiwu, a yi amfani da maganin cusawa ta dubura da safar hannu yadda ma'aikatan jinya za su nuna. Yakan ɗauki makonni kafin ya daidaita, amma in ya daidaita mutum zai wuni a waje hankali kwance. Zogale, rama, miyar kuka, wake da gwanda su yawaita a kwanonsa, ya sha ruwa kamar lita biyu a rana sai in likita ya ce a rage. Na san masu rage wa majinyaci ruwa don kada jakar fitsari ta cika da wuri, wannan gayyatar ciwon mafitsara ce. Jakar kullum ta kasance ƙasa da mararsa, robar kada ta lanƙwashe, a canza ta a kan lokacin da aka ba ku. Fitsari ya yi kauri da wari, ga zazzaɓi ko zaburar ƙafa ta ƙaru, a tafi asibiti. Ki kuma tambayi likita ko zai iya komawa kan robar da ake sakawa a cire duk bayan awa huɗu zuwa shida, wadda mai hannu lafiya yake yi wa kansa.

Tunda rashin jin ya fara masa daga ƙirji, akwai abu ɗaya da nake so kowa a gidan ya haddace. Masu rauni daga gaɓar baya da likitoci ke kira T6 zuwa sama, wani lokaci jininsu kan hau farat ɗaya: kai ya sara kamar ana buga guduma, gumi ya karyo a fuska da wuya, hanci ya toshe. Ba aljanu ba ne, ba kuma ciwon kan da ake ba fanadol a ce ya kwanta ba. Wani abu ne ke damun jikin a ƙasa inda ba ya ji, galibi mafitsara ta cika don roba ta toshe, ko bayan gida ya taru. A zaunar da shi nan take, bayansa a miƙe, ƙafafu a ƙasa, a sassauta tazuge da duk abin da ya matse shi, a duba robar. In bai lafa cikin 'yan mintuna ba, asibiti da gaggawa, don yana iya kisa. Da hunturu kuma ki nisanta kaskon wuta daga ƙafafunsa, ruwan wanka ki gwada da hannunki tukuna, don sai ya ƙone bai sani ba. Da bazara jikinsa ba ya gumi yadda ya kamata a ƙasan raunin, sai inuwa da jiƙaƙƙen tawul.

Na ce zan dawo kan madubi. Ƙanwata, cikin ƙauna da tausayi kun ƙwace wa mutumin nan komai. Da shi ke ba da kuɗin cefane, shi ake tambaya kafin a fita, shi ke raba faɗan yara. Yanzu ana maganarsa a kansa kamar ba ya wurin: ya ci? ya sha? a juya shi. Ƙafafunsa ne suka tsaya, kansa da hannayensa da matsayinsa na maigida suna nan. Duk abin da zai iya yi, ko zai ɗauke shi rabin awa, ki bar shi ya yi: wanke fuska da ƙirji, sa riga, aski, duba fatarsa, lissafin lokacin juyi. Shi ya kamata ya ce lokaci ya yi, ba ke ba. Kuɗin cefane, ko daga hannun wa ya fito, ya bi ta hannunsa. Yara su koma neman izini wajensa. Wanda ke riƙe masa shago ya zo da littafi duk yamma su yi lissafi, ciniki nawa ake ƙullawa ta waya yanzu? Abokansa kuma ki aika musu ta bakin ƙaninsa: a daina zuwa dubiya. Sannu, Allah sarki, ya jiki, sau ɗari a rana tana karya zuciya fiye da ciwon. Mutum ɗaya ya zo, wanda suka fi shaƙuwa, ya shigo da gardamar ƙwallo ko ta siyasa ko farashin kaya, ya tsokane shi yadda ya saba.

Jifa da kofi kuwa, uzuri daban, ƙyalewa daban. Ranar da yake cikin natsuwa ki ce masa, Baban yara, na san abin da ke ranka ya fi ƙarfin baki, amma yara suna gani, ni ma mutum ce. In ya daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace masa, ko ya fara cewa gara ya mutu ku huta, kada ki tsaya a kan a yi haƙuri. Ciwon damuwa ne, yana yawan biyo bayan irin wannan rauni, kuma yana da magani a asibiti. Abin da na ga ya fi kowace nasiha aiki shi ne ya ga wani namiji da ya shekara goma a keke, da iyalinsa da sana'arsa. A sashen gashin ƙashi na Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano ba za a rasa irinsu ba, ki roƙi ma'aikatan su haɗa su. Zai ji daga bakinsa abin da ke da ni ba mu isa mu gaya masa ba. In ya fara fita ya tarar da matakala a banki ko ofis, ya san cewa dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta wa gine-ginen jama'a yin hanyar keke. Aiki da ita yana tafiyar hawainiya, amma haƙƙinsa yake nema, ba alfarma ba.

Ki lura ko ya bar salla, don da yawa suna bari a ɓoye saboda ganin ba su da tsarki. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana bin Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Mai yoyon fitsari ma malamai sun yi bayanin sauƙin da aka yi masa, ga taimama in ruwa ya gagara. Limamin unguwa ya shigo ya warware masa wannan, su biyu.

Yarinyar nan ta koma makaranta ranar Litinin. A nan ba zan sassauta miki ba. 'Yar shekara 13 ba ta da bayan ɗaga namiji babba, kuma babu uban da ke son 'yarsa ta gan shi a wannan hali, ina zargin wani kason fushin nasa daga nan yake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, dangin da suka iya haɗa kuɗin mai ɗori za su iya haɗa kwana. Ki nemi a zauna, ki faɗi abin da kike so da sunansa: ƙannensa maza su raba dare uku ko huɗu a mako suna juyin dare, ko a ɗauki wani saurayi mai hankali a riƙa biyan sa. In kin ce a taimaka kawai, kowa zai ce insha Allahu ya tafi. Jin kamar ki gudu kuwa ba zunubi ba ne, barci ne ba ki yi ba wata bakwai. Ki ɗauki wuni ɗaya a mako ki je gidanku, ki ci tuwon da ba ke kika tuƙa ba, ki kwanta. Shi ma zai koyi cewa rana tana iya faɗuwa ba ki kusa kuma bai mutu ba.

Maganar da kika ce na gane, na gane, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Auren bai mutu ba. Maza da yawa masu wannan rauni suna samun wani abu na kusantar iyali, ko da ya bambanta da na da, akwai magungunan da likita ke rubutawa, wasu ma sun haihu da taimakon asibiti. Kada ya sha na masu talla a mota, saboda matsalar hawan jinin da na faɗa miki. Shi ba zai fara tayar da zancen ba, tsoron amsar yake ji, kuma yana can yana tunanin ko zaman tausayi kike yi da shi. Wannan ma wani dalili ne na a samu mai taya ki aikin banɗaki, don da wuya mace ta zama mai kwashe fo da rana, amarya da dare. Ki koma kwana kusa da shi, ki yi wanka ki sa turarenki, ki shigo ɗakin wani lokaci ba da kwano ko magani a hannu ba. Sauran ku tambayi likita tare, sun saba jin tambayar.

Fitarsa ta farko kada ta zama Juma'a, taron ya yi yawa, idanu sun yi yawa. Asuba ko isha a masallacin layinku, ƙaninsa na gefe, shi yana tura kekensa da hannunsa. In yana zaune a keken, duk minti 15 zuwa 30 ya karkata gaba ko gefe ya ɗauke nauyi daga mazaunansa na kamar minti ɗaya ko biyu. Amma duk wannan sai wanda ya duba tabon ya ce ya iya zama. Kafin nan, a gefe zai kwanta, man zafin kuma ki ba Hajiya ta shafa a gwiwa.